Finafinan Ban Tsoro: Wanda Ya Hana Ni Barci Da Wanda Ya Ba Ni Dariya

Yau hirar tamu ta kallo ce.

Ni dai tun ina yarinya Allah Ya jarrabe ni da son fim ɗin ban tsoro, alhali kuwa duk gidanmu babu matsoraciya kamata. A shekarar 1993 ne, ina aji biyu na sakandare, yayanmu ya shigo da wani kaset da ya karɓo haya, ya ce duk wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta tashi ta ba mutane wuri. Babu wadda ta motsa. Muka cika ɗakin matarsa maƙil, mu da 'ya'yan maƙwabta, aka zura kaset a bidiyo. Evil Dead ne, na 1981, wanda Sam Raimi ya yi a Amurka. Wasu ɗalibai biyar ne suka tafi hutu wani gidan katako a tsakiyar daji, suka tsinci tsohon littafi da rikoda, suka kunna rikodar, ashe kiran aljanu ne a ciki. To daga nan fa sai abin da ido ya gani. Ana tsaka da kallo aka ɗauke wuta. Wallahi 'yar uwa, ihun da muka saka a daren nan sai da Baba ya fito da sanda yana zaton ɓarayi ne suka hauro. Kwana uku ban iya zuwa bayi da dare ba sai da rakiya, ƙanwata kuwa ba ta rakiya kyauta, sai na ba ta naman miyata.

Bayan na yi aure da shekaru na sake kallon fim ɗin nan ni kaɗai, da dare kuma, don na ga ko tsoron yana nan. Kin san me ya faru? Dariya na yi ta yi. Fuskokin da suka hana ni zuwa bayi ashe fenti ne da wani abu kamar kunun da ya kwana. Maki huɗu cikin goma na ba shi, biyu daga ciki ma don tunawa da ƙuruciya ne. Akwai kuma wani wuri a cikinsa na rashin ɗa'a wanda ko babba bai kamata ya zuba masa ido ba, balle yaro.

Tun daga ranar na canza ma'auni. Ni yanzu ba na auna fim da yawan jini ko munin dodo. Mu da muke wanke kayan cikin rago duk Babbar Sallah, ina jinin roba zai firgita mu? Abin da nake dubawa shi ne, bayan an kashe talabijin, fim ɗin ya biyo ni ɗaki? Washegari ina tsaye a madafi ina tuƙa tuwo, ya dawo mini a rai? In ya dawo, to ya ci maki.

Na Indiya da muka taso da su ba sa biyo mutum ɗaki, sai dai waƙoƙinsu su biyo ki. Ɗauki Nagin na 1976, inda Reena Roy ta fito a macijiya mai rikiɗa ta zama mace. An harbe mata miji, ta duba idonsa ta ga hoton maza shida, ta dinga bin su ɗaya bayan ɗaya. Tsakani da Allah wa ta ji tsoron macijiyar nan a cikinmu? Ai bayanta muka goya, duk wanda ta sara sai mu ce madalla, saura nawa? A matsayin fim na ɗaukar fansa na ba shi bakwai, a matsayin na ban tsoro kuwa biyu ma ta yi yawa. Shi kuma Jaani Dushman na 1979, wanda darakta ɗaya ne ya yi su, wato Rajkumar Kohli, haushi ya fi ba ni. Wai amarya guda ce ta ba angonta guba daren farko, shi ke nan ruhinsa ya zama wani dodo mai gashi kamar goggon biri, yana sace duk amaryar da ta sa jajayen kaya. Mace ɗaya ta yi laifi, amaren gari duka suna biya, kuma fim ɗin bai ma damu da su ba, hankalinsa yana kan jaruman maza da aka tara, su Sunil Dutt da Jeetendra da Sanjeev Kumar. Da zarar gabanki ya fara faɗuwa sai a tsinke da rawa. Uku. Namu na Hausa ma sau da yawa haka abin yake, da an ce aljani sai a bulbula wa mutum hoda, a yafa masa farin ƙyalle, ya yi ta ƙyaƙyata dariya mai amsa-kuwwa har ki fara jin tausayin maƙogwaronsa.

To bari mu zo kan waɗanda suka biyo ni.

Na farko Child's Play na 1988, wanda kowa ya fi sani da Chucky. Da yawa suna ɗaukarsa wasan yara saboda 'yar tsana ce, ni kuwa ba 'yar tsanar ce ta dame ni ba, uwar ce. Mijinta ya mutu, tana aikin kanti a Chicago, ɗanta Andy mai shekara shida ya ƙwallafa rai a kan 'yar tsanar da ta fi ƙarfin aljihunta, sai ta saya a hannun wani mai talla a lungu da araha. Wace uwa ce a cikinmu ba ta taɓa yin irin wannan ba? Ashe ruhin wani makashi ne a cikin abin. Yaro ya faɗa, ya sake faɗa, aka ce ƙarya yake, har aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda uwar ta koma gida ita kaɗai, ta ɗauki kwalin da 'yar tsanar ta zo a ciki, sai batura suka faɗo ƙasa, sababbi, ba a taɓa saka su ba. Kwana da kwanaki abin nan yana magana babu batir. Babu jini a wurin, babu ihu, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Ta ruga ta gaya wa ɗan sanda, shi ma ya dube ta kamar yadda ita ta dubi ɗanta. Bakwai na ba shi. Waɗanda aka yi ta yi daga baya, su Chucky ya yi aure, Chucky ya haihu, kada ki ɓata lokacinki.

Sai The Exorcist na 1973, na William Friedkin, wanda ya ci lambar Oscar biyu. Mutane sun fi tuna inda kan yarinyar ya juya baya da inda take kwarara koren amai. Ni rabin farko ya fi kama ni. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, Regan, ta fara canzawa, uban ba ya nan sun rabu da uwar. Uwar ta ga gado yana girgiza da idonta, ta gaya wa likita, ya ce jijiyoyin yarinyar ne suke motsi. Daga wannan likita sai wancan, ana ta soka wa yarinya allurai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba a ga komai ba, uwa tana tsaye tana kallo ba ta da yadda za ta yi. Duk wadda ta taɓa kwana a asibiti da ɗa a hannu, ana ce mata a jira sakamako, ta san wannan tsayuwar. Daga ƙarshe malaman coci biyu aka kira su yi mata irin abin da mu muke kira ruƙiyya, ta hanyar addininsu, dukansu biyu kuma ba su fita da rai ba. Takwas. Amma fa bakin aljanin nan babu linzami, ashar da saɓo ne zalla, ba fim ne na kallo da yara ko gaban suruka ba.

Kin lura da abin da ya haɗa waɗannan biyun? Mace ce a cikin gidanta, ta ga abu, ta faɗa, aka ƙi yarda da ita. A wurina wannan ne asalin abin tsoron, dodon rakiya kawai ya yi.

Wanda ya kai wannan magana ƙarshe shi ne Rosemary's Baby na 1968, na Roman Polanski, Mia Farrow ce jarumar. Amarya ce da mijinta suka tare a wani tsohon bene a New York, suka dace da maƙwabta tsofaffi masu kirki, irin kirkin nan mai yawa da ke hana mutum sakat. Ta samu ciki. Tsohuwar ta zaɓa mata likita, kullum kuma sai ta kawo mata wani jiƙo ta tsaya a kanta sai ta shanye. Likitan ya ce kada ta karanta littafi a kan ciki, kada ta saurari ƙawaye. Ciwo ya dinga cin ta, ta rame ta zama kamar kara, kowa yana ce mata haka ciki yake. Da ƙawayenta suka gan ta suka ce maza ta sauya likita, sai mijin ya hau faɗa. Ashe shi ne ya sayar da cikin ga matsafa masu bautar Shaiɗan, don ya samu ɗaukaka a sana'arsa ta wasan kwaikwayo. Ranar da ta gane, ta gudu da tsohon ciki wurin wani likitan, ta zayyana masa komai tana haki. Ya saurare ta tsaf, ya ba ta ɗaki ya ce ta kwanta ta huta. Har na sauke ajiyar zuciya. Ƙofa na buɗewa sai ga mijin da likitan farko, shi ya kira su, don a ganinsa haukan ciki ne ke damunta. Kai! Ban taɓa jin fim ya karya mini gwiwa kamar wurin nan ba. Fim ɗin kusan babu jini, jaririn ma ba a nuna shi ba, amma lokacin da nake da cikin fari, duk wanda ya miƙo mini kofi sai na leƙa ciki. Tara.

A nan gida Najeriya muna da ɗan uwansa, Living in Bondage na 1992, da harshen Ibo, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo ta Kudu. Andy, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa, talauci ya ishe shi ya shiga ƙungiyar asiri, aka ce ya kawo wanda ya fi so. Ya kawo matarsa Merit, wadda ta yi haƙuri da babunsa. Kuɗi suka zo, fatalwarta ma ta zo, har sai da ya haukace yana cin bola a Legas. Hoton ba shi da kyau, sautin yana shiga yana fita, amma ya biyo ni ɗaki, don mugun ba daga daji ya fito ba, a gado ɗaya suke kwana. Abin da ya rage masa maki a wurina ƙarshensa ne: Andy ya tuba ya warke, ita kuwa Merit tana kabari, babu wanda ya dawo mata da ranta. Bakwai da rabi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya juyo da yatsa kaina, Under the Shadow na 2016, na Babak Anvari, da harshen Farisa. A Tehran ne, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi da aka yi daga 1980 zuwa 1988. An tura mijin, wanda likita ne, bakin daga, aka bar Shideh da 'yarta Dorsa a bene. Makami mai linzami ya fasa rufin benen bai fashe ba, maƙwabta suka dinga guduwa gida bayan gida, 'yar tsanar yarinyar ta ɓace, yarinya ta ce aljanu ne suka ɗauke. Aljanin nan ba ƙaho gare shi ba, mayafi ne kawai yake yawo babu kowa a ciki, irin wanda kowaccenmu ta rataye a bayan ƙofa. Wani dare ta sungumi 'yarta ta fita titi a guje babu lulluɓi, jami'an tsaro suka kama ta, maimakon a tambaye ta me ya koro ta sai aka hau yi mata faɗan buɗe kai. Amma abin da ya fi sosa ni, a nan uwar ce mai ƙin yarda. Yarinya tana faɗa tana kuka, ita tana daka mata tsawa, don ita ma ranta a ɓace yake, an hana ta komawa karatun likita, ga yaƙi, ga kaɗaici. Ina kallo na ji kunya ta kama ni, don muryata na ji a bakinta. Shi ma tara. Goma dai har yau ban ba kowa ba.

Ba a yi wata guda da kallonsa ba, wajen ƙarfe biyun dare, autata ta zo ta tsaya a kaina tana rawar jiki, wai akwai abin da ke motsi a ƙarƙashin gadonsu. Har na buɗe baki zan ce ta wuce ta kwanta kafin na saɓa mata, sai na haɗiye. Abbansu ya yi tafiya, babu wanda zan tasa. Na laluɓo tocila, na karanta Ayatul Kursiyyu, na riƙe hannunta, ƙafafuna suna karkarwa fiye da nata. Muna shiga kuwa na ji shi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na durƙusa na haska. Wani ƙaton ɓera ne ya shige ledar ƙuli-ƙulin da yayarta ta ɓoye, ya kasa fitowa, yana ta jan ledar yana zagaye. Ni na fara zunduma ihu, yarinyar ce ma ta ɗauko tsintsiya. Ɓeran nan takwas na ba shi, ya fi Jaani Dushman nesa ba kusa ba.