Tankaɗe da Rairaya a Laburare: Wa Zai Riƙe Rariyar?

Ma'aikatan laburare suna da wata al'ada ta bin kantoci lokaci zuwa lokaci suna tsame littattafan da suka tsufa, ko waɗanda aka daina ara. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in auna wannan al'ada, in ga inda ta dace da inda take neman yi wa adabinmu ɓarna.

Da farko dai, adalci ne mu yarda cewa aikin yana da hujja. Tun a 1931 masanin nan na Indiya, Ranganathan, ya kwatanta laburare da abu mai rai wanda ke girma kullum, alhali kanta ba ta ƙara tsawo. Littafin labarin ƙasa da ke koya wa yaro cewa Legas ce hedkwatar Nijeriya, bayan an koma Abuja tun 1991, ɓatar da shi zai yi. Na kiwon lafiya kuwa, in iliminsa ya shuɗe, yana iya jawo asarar rai.

A 1976 laburaren Jihar Tekzas ta Amurka ya fito da wani jagora mai suna CREW, wanda daga bisani ya shahara da ma'auni shida. A cire littafi idan bayaninsa na ɓatarwa ne, ko ya ragargaje, ko an yi sabon bugu, ko ba shi da wata daraja, ko bai shafi bukatar mutanen wurin ba, ko kuma ana iya samunsa a wani wuri cikin sauƙi. To, a kan wannan na ƙarshe nake so mai karatu ya tsaya. Ba'amurke yana yar da littafi ne da sanin cewa akwai irinsa a wasu garuruwa, kuma ana iya aro masa. Duk da haka, a 1996 marubuci Nicholson Baker ya tayar da ƙura, ya zargi laburaren birnin San Faransisko da zubar da littattafai kimanin 200,000.

Mu fa? Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ba su da fargaba, don an sha sake buga su. Amma ina ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta buga a Zariya kafin a rufe ta a 1959? Ina jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina? Takardarsu ta yi ja, bangonsu ya yage, an daɗe ba wanda ya nema. Idan da yawan aro za a yi hukunci, su ne farkon shiga shara, kuma mai yiwuwa kwafen da aka yar shi ne na ƙarshe a jihar duka. Ni kaina na taɓa neman wani tsohon littafin waƙoƙi a wani laburare, aka nuna mini tulin da aka sauke a sito, gara ta riga ni. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido. Shi kansa jagoran na Tekzas ya yi kashedi a kan taɓa tarihin gari da ayyukan marubutansa.

Saboda haka ga shawarata. A ci gaba da rairaya, amma kada a sauke littafin Hausa, na boko ko na ajami, sai an tabbatar akwai wani kwafensa a ajiye. Wanda aka sauke a rubuta sunansa, a ɗauki hotonsa a kwamfuta, a miƙa shi ga sashen Hausa na jami'a ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Mu ɗalibai kuma da namu laifin: littafin da muka ƙi ara, mu muka fara yanke masa hukunci. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane.