Jinjina ga Masu Binciken Matsi da Zafi

Matsi da zafi idan suka tsananta, sukan sauya yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin abu, har ya rikiɗe ya koma wani iri dabam. Baƙin da ke cikin fensir da lu'ulu'u duk sinadarin kabon ne, jerin ƙwayoyin ne kawai ya raba su. Masanan da suka duƙufa kan wannan fanni sun cancanci yabo.

Jagoransu shi ne Percy Bridgman na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya ƙera na'urorin matsi da hannunsa, ya samu lambar Nobel a 1946. A 1954 Tracy Hall na kamfanin General Electric ya sarrafa kabon ya zama lu'ulu'u, wanda a yau ake sa irinsa a bakin injinan haƙar rijiyar mai da na yankan dutse.

Aikin yana son haƙuri da sanyin hannu. Mai bincike yakan ɗora ɗan ƙwallon ma'adini da bai kai ƙwayar yashi ba a tsakanin tsinin lu'ulu'u biyu, ya ɗaure kusoshi sannu a hankali, ya gasa shi da hasken leza, sannan ya haska eksire ya karanta sabon jerin. Gaggawa kaɗan sai lu'ulu'un ya fashe.

Ta haka aka tabbatar cewa ma'adinan cikin ƙasa suna sauya tsari a zurfin kilomita 410 da 660. A 2014 aka raɗa wa ma'adinin da ya fi kowanne yawa a duniya suna bridgmanite, don karrama Bridgman.