Rudolf Virchow da ilimin sankara: sharhi a kan gadonsa da darasinsa ga masu ƙirƙiro kalmomi

Nauyin aikin mai bincike yakan bayyana ne ga abin da na bayansa suka daina faɗi saboda shi. Bisa wannan ma'auni za a duba Rudolf Virchow, likitan Jamus da aka haifa a 1821, ya rasu a Barlin a 1902, wanda ya kafa ilimin gane cuta ta duban naman jiki a madubin likita, wato na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani.

Tun zamanin Galen, likitocin Turai suna jingina sankara ga ɓacin ruwayen jiki, musamman rinjayar baƙin ruwan matsarmama. A 1838 Johannes Müller, malamin Virchow, ya nuna cewa ƙari tarin ƙwayoyin halitta ne. Virchow ya ɗora a kan wannan. A 1858 ya gabatar da laccoci 20 a Barlin, aka buga su da sunan Die Cellularpathologie, aka fassara su da Ingilishi a 1860, da Faransanci a 1861. Jigon littafin shi ne, kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, cuta kuwa a cikin ƙwaya take farawa. Ke nan sankara ƴar gida ce: ƙwayoyin mutum ne da kansa suke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. A kan wannan tushe ake yankar ɗan nama a duba kafin a yanke hukunci a kan ƙari.

Sai dai yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Na farko, Robert Remak ya riga shi nuna cewa ƙwayoyi ta rabuwa suke ƙaruwa, tun 1852, amma Virchow bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Na biyu, ya ɗauka cewa sankarar da ake kira karsinoma daga naman da ke ɗaure sassan jiki take tasowa, kuma wani ruwa ne ke kai ta wasu gaɓoɓi. Carl Thiersch a 1865 da Wilhelm Waldeyer a 1867 suka tabbatar da cewa daga shimfiɗar da ta lulluɓe fata da cikin hanji da makamantansu take fitowa, kuma ƙwayoyin ne da kansu suke ƙaura. Na uku, a 1887 an kai masa ɗan nama daga maƙogwaron Yarima Firidirik, mai jiran gadon Jamus, bai ga sankara a ciki ba. Ita ce ta kashe shi a Yunin 1888, bayan kwana 99 a kan gado. Abin lura shi ne, da madubin da Virchow ya koya wa duniya dogaro da shi aka gyara kurakuransa. Wannan ita ce babbar shaidar ingancin hanyarsa.

Ga masanin harshe, labarin suna ɗaya ya fi ɗaukar hankali. A 1845 John Hughes Bennett a Edinbara da Virchow a Barlin kowa ya bayyana majinyacin da fararen ƙwayoyi suka cika jininsa. Bennett ya ɗauka mugunya ce. Virchow ya ƙi wannan fassara, ya tsaya ga abin da idonsa ya gani, ya kira cutar farin jini; a 1847 ya mai da sunan Girkanci, wanda daga shi Faransanci ya sami leucémie. Da yake sunan bai yi iƙirarin sanin musabbabi ba, bai rushe ba sa'ad da binciken Ernst Neumann, daga 1868, ya kai ga gano cewa ɓargo ne tushen lamarin. Amma fassararsa kalma da kalma ba ta yiwuwa: a Hausa farin jini ƙaunar jama'a ce. Shi ya sa sankarar jini ta fi dacewa.

Matsala mafi girma tana ga kalmar ƙwaya. Ita ce ƙwayar hatsi, ita ce ta magani, ita ce ƙwayar cuta mai shiga jiki daga waje, ita ce kuma ƙwayar halitta da aka gina jiki da ita. Idan littafin yaƙi da jahilci ya ce ƙwayoyin sankara, sabon makaranci a Maraɗi ko Damagaram yana iya fahimtar cewa ana ɗaukar ta kamar tarin fuka. Wannan kishiyar darasin Virchow ce, kuma sakamakonta shi ne a guji majinyaci, ko shi ya ɓoye ciwonsa har lokaci ya ƙure. Gaskiya ne wasu ƙwayoyin cuta suna share wa sankara hanya, kamar wadda Harald zur Hausen ya danganta da sankarar bakin mahaifa, aikin da ya sami kyautar Nobel a 2008. Wannan ma ƙarin dalili ne na raba kalmomin biyu: ƙwayar cutar ake ɗauka, ba sankarar ba.

Saboda haka ya kamata kwamitocin kalmomi su tsai da suna guda ga kowace ma'ana, kada a rubuta ƙwaya ita kaɗai a littafin lafiya. Haka nan a zaɓa tsakanin sankara da ciwon daji da kansa bayan an gwada su ga masu karatu da ma'aikatan asibiti. Ƙa'idar zaɓen kuwa Virchow ya nuna ta tun 1845: suna ya faɗi abin da aka gani, kada ya wuce abin da aka sani.