Daɗin Isɗilahi da Amanarsa: Tsokaci kan Kalmomin Fiƙihu a Zaurukan Zango

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Zango ta ƙasar Daura, ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya shiga Iziyya da Risala, ya san wani daɗi da na waje bai sani ba, wato daɗin isɗilahi. Kalma ɗaya ce malami zai furta, sai ta ɗauko hukuncin da bayaninsa zai cika shafi. Idan aka ce "ƙabli", ɗalibi ya fahimci an rage sunna mai ƙarfi, kuma za a yi sujada biyu kafin sallama. Idan aka ce "ba'adi", ya san ƙari aka yi.

Daga cikin kalmomin da na fi ƙauna akwai "kari" da "dauɗa". Magabata sun tarar da hadasi da habasi a Larabci, ba su bar su baƙi ba, sai suka nemo musu sunaye a bakin Bahaushe: kari shi ne abin da ke karya tsarki, alwala ko wanka ke ɗauke shi, dauɗa kuwa najasa ce da ake wankewa daga jiki ko tufa ko wurin salla. Haka nan "kasaru". Sunan Zango kansa yana tuna mana masaukin fatake, kuma a masauki ne mas'alar ke tasowa. A mazhabar Malik, tafiyar kasaru buridi huɗu ce, mil 48 ke nan, kuma matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu zai cika sallarsa. Duk wannan yana ƙunshe cikin kalma guda.

Sai dai a nan ne gyara yake. Isɗilahi yana da daɗi ga wanda ya riƙe mabuɗinsa, ga wanda bai riƙe ba kuwa ƙofa ce a kulle. A yau an samu masu fatawa da ke jera kalmomin fanni don a san sun yi karatu. Mutum zai zo da tambayar aure, a ce masa "hul'i ne, ba'ini ne", ya tashi yana gyaɗa kai, alhali bai gane cewa ba shi da ikon kome sai da yardar matar da sabon ɗaurin aure da sadaki ba. Idan ya mayar da ita bisa jahilci, nauyin yana kan wa? Haka kalmar "sunna": ma'anarta a bakin mafaƙihi daban, a bakin malamin hadisi daban, a bakin malamin aƙida daban. Jayayya da yawa a masallatanmu ta samo asali ne daga rashin tantance wacce ake nufi.

Shehu Halil, mai Muhtasar, ya bar mana abin koyi. Littafinsa ya shahara da tsananin taƙaitawa, amma tun a gabatarwa ya miƙa mabuɗi: ya bayyana cewa "fiha" ishara ce ga Mudawwana, "ihtiyari" ga Lahmi, "tarjihi" ga Ibnu Yunus, "zuhuri" ga Ibnu Rushdi, "ƙauli" ga Maziri. Bai yi amfani da ramzi ba sai da ya warware shi.

Saboda haka ba muna kira a watsar da isɗilahi ba ne, domin ilmin da ba shi da kalmominsa ba ya tsayuwa. Kiran shi ne, kowace kalmar fanni a biyo ta da bayaninta cikin Hausar da manomi da ɗan kasuwa da matar gida za su ɗauka su yi aiki da ita, kamar yadda waɗanda suka ba mu "kari" da "dauɗa" suka yi. Malamin da ya iya furta kalma bai iya warware ta ba, da sauran karatu a gabansa. Allah shi ne mafi sani.