Tsufa da Aure a Wasan Ban Dariya: Sharhi a Kan Wani Gajeren Wasan Fim

Wani matashi daga Kazaure ya aiko mini da rubutun gajeren wasan fim na ban dariya, ya nemi in faɗi ra'ayina. Da yake aibin da na gani a ciki ya zama ruwan dare a finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka soma da Turmin Danya a Kano a 1990, na ga ya dace in amsa masa a fili.

Labarin a taƙaice shi ne, wani dattijo ɗan shekara saba'in ya rina gemunsa baƙi, ya tafi Roni zance wurin budurwa, sai ruwan sama ya tsuge, rinin ya kwararo a kan farar rigarsa. Lalle wannan fitowa ta yi armashi, domin ido ne ke kama abin dariyar ba tare da an yi magana ba, kuma haka fim yake bukata. Kalaman dattijon ma sun zauna daidai a bakin tsoho. Rauni yana wajen jigo, watau marubucin bai tsai da abin da ake yi wa dariya ba: tsufan ne, ko kuwa ruɗin kai?

Al'adarmu ta daɗe da warware wannan. A wasan tashe na Tsoho da Gemu, yaro ne ke manna auduga a haɓa, ya duƙa, ya dogara sanda. Ana dariya, amma da sadaka ake sallamarsa, watau raha da tausayi tare suke tafiya. Haka nan kuma a wasan jika da kaka, tsoho kan kira jikanyarsa matarsa, ita kuwa ta yi masa ba'a da furfura, alhali kowa ya san babu aure a ciki. A wannan rubutu kuwa neman auren na gaske ne, iyayen yarinyar har sun karɓi kuɗi, ita kuma ba a ba ta ko kalma ɗaya ba. Wadda aka taɓa yi wa auren dole ba za ta yi dariya a nan ba.

Abu na biyu shi ne uwargida. Shekara arba'in da biyar suna tare, amma sau biyu kacal ta fito, kuma zagi kaɗai aka sa mata a baki. Shu'aibu Maƙarfi, a cikin Jatau Na Kyallu, ya bi wautar maigida har cikin gida, ya nuna abin da ta jawo wa iyalinsa. Nan ne nauyin wasansa yake.

Shawarata ga marubucin ita ce ya ƙara fitowa ɗaya. Dattijo ya komo a jiƙe, uwargida ta ɗora masa ruwan zafi, ta wanke rigar, tana yi masa shaguɓe irin na wadda ta san shi tun gemunsa yana baƙi da gaske. Budurwar ma a bar ta ta faɗi abin da ke ranta. In ya yi haka, tsofaffin Gwiwa da Babura za su kalli wasan tare da jikokinsu, ba wanda zai sunkuyar da kai.