Tashar Rahama da Masu Begen Zamanin Da

Rubutu kan tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa ya yawaita a shafukanmu na intanet, kuma kusan duk salonsu ɗaya ne. A ɗora hoton kango mai tsatsar kwano, a yaba wa zamanin Turawa da jirgi ke zuwa kan lokaci, a rufe da tsine wa shugabannin yau. Mun karanta da dama, amma da wuya mu ga wanda ya tsaya ya tambayi don wa aka gina tashar.

Mu ɗauki Rahama, kusa da Saminaka a ƙasar Lere. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1912, ya hau tsaunukan Jos har ya kai Bukuru a 1914. Kuza ce ta kawo shi. Kafin dogon ya hau tudu, Rahama ce ƙarshen layi, 'yan dako ke sauko da kuzar a ka. Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6, don haka a Zariya sai an sauke kaya an sake lodi. Da babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta sami hanya mafi sauƙi, ƙaramin ya fara ja da baya. An rufe shi a 1957, tun Turawan suna kan mulki.

Wannan shekarar kaɗai ta isa ta rusa labarin da masu begen ke ba mu. Waɗanda suka shimfiɗa dogon su suka kashe shi da ya daina yi musu amfani. Kuma inda ya nufa, can ne aka riƙa tura talakawa aikin tilas a ramukan kuza lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981.

Ba mu hana kowa bege ba. Jirgin ya ɗauki fatake da almajirai, mata sun ci kasuwa a bakin tasha. Sai dai marubucin da ya tsaya kan ginin kawai ya bar ɗan dako da mai tallar fura a waje, alhali su ne labarin.

Wanda ya hau jirgin nan yana ɗan shekara goma a 1957, yau yana dab da tamanin. Wayar da muke ɗaukar hoton kango da ita tana iya naɗar murya. Marubutanmu su je Soba da Dutsen Wai da Rahama su zauna da tsofaffin nan tun suna raye, sannan su dawo su rubuta mana.