Alewar da Ta Tsiro Mana a Cikin Kofi

Wallahi na daɗe ban ga abin da ya ƙayatar da ni irin wannan ba. Ƙanwata da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Yelwa ce ta zo mana hutu nan Birnin Yauri, ta tara yarana ta ce za ta shuka musu alewa. Shuka fa!

Ruwa kofi 1 ta auna, sukari kofi 3, ta ɗora a wuta tana juyawa har ya narke tas. Ta jiƙa tsinken tsire, ta mirgina shi a busasshen sukari, ta ce wannan shi ne irin. Da ruwan ya huce ta juye a kofin gilashi, ta rataya tsinken a tsakiya, bai taɓa gindi ba, bai taɓa gefe ba. Ta yafa takarda saboda ƙurar hunturu, ta zaunar da kofin cikin faranti mai ruwa don kada kiyashi su riga mu.

Kwana biyu shiru. Rana ta uku autata ta rugo: “Baba, ta fito!” Masha Allah! Wasu 'yan ƙwayoyi ne suka kama jikin tsinken, kowace da kusurwoyinta kamar an fafe ta da wuƙa. Da mako ya cika sun yi ɓul-ɓul, in ka ɗaga su a hantsi sai ƙyalli suke kamar duwatsun zobe. Ni da furfurata na fi yaran leƙa kofin nan.

Bayaninta ma ya ratsa ni. Ruwan sanyi giram 100 yana narkar da sukari wajen giram 200, tafasasshe kuwa ya ɗauki fiye da ninki biyu. Da ya huce sai kayan su yi masa yawa, ya riƙa sauke su sannu a hankali a kan irin da ke jikin tsinke. Nan take na gane dalilin da mazarƙwaila ba ta yin irin wannan ƙwayar: ita ana tuƙa ta ne ta daskare nan da nan, ga maɗin rake a ciki.

Mun gwada na biyu da zoɓo don mu sami ja, ya ƙi kamawa. Ta ce tsamin ne ke farfasa sukarin. Na kanumfari kuwa, kai, sai wanda ya ɗanɗana! Mutanen Iran ma da irin wannan alewa suke juya shayinsu, nabat suke ce mata, don haka jiya bayan magariba na tsoma tsinkena a kofin shayi, yara sun kewaye ni suna kallon yadda take narkewa.

Yanzu kofuna huɗu ke jere a bayan randa, biyu na 'ya'yan maƙwabta ne.